Hannun da Ya Ɓata Robot Ɗin Makaranta

Yayana ya rasu ranar Talata, kwana goma sha ɗaya bayan Babbar Sallah, tun soyayyen naman layya bai ƙare a tukwane ba. Shekara biyu ke nan da 'yan watanni tun lokacin canjin kuɗi, da mutane ke yini a rana a bakin banki, kuma a wannan lokacin ne aka sallame shi daga makaranta. Akwatunan da suka jawo sallamar kuwa sun iso Keffi ne bayan an buɗe makarantu daga zaman korona. Ni da haka nake lissafina. Ban yi boko ba. Ɗiyata ce ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Na Allah muke, wurinsa za mu koma. Yaya ya riga ni, Allah Ya sa can ta fi masa nan.

Mutane sun zo. Wannan kam ba zan rage wa garin nan ba. Tabarmin ƙofar gidanmu a Angwan Iya sai da suka kai bakin kwata. An ce mini wani dattijon Ibo mai sayar da kayan lantarki ya rufe shagonsa, ya zo ya zauna cikin maza tun safe har azahar. Da zai tafi ya ce shekara talatin suna ciniki, Baba bai taɓa dawo masa da kaya ya ce ba shi ya ƙona ba alhali shi ya ƙona.

Ni ina ciki tare da mata, kuma abin da na ji a ciki shi ne ya hana ni sakat.

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Allah Ya jiƙan Baba mai rediyo. Mutumin kirki. Tsufa ne dai ba ya barin kowa."

Ta kusa da ita ta ce, "Ai tun abin makarantar nan kansa bai koma daidai ba. An ce kayan mutane ya kwance gaban manyan baƙi, ya rasa yadda zai mayar."

Na juya na kalli matar Yaya, ina jira ta tsawatar. Ta gyara mayafi ta ce, "Haka ne. Ni na zauna da shi, na sani. Sai ya yini yana shafa wata 'yar wayar wuta a hannu kamar mai jan carbi. In ka yi masa magana ya yi murmushi."

Mata suka ce Allah sarki. Ni kuma ina zaune, kwanon gumba a gabana, ina miƙa wa masu shigowa. Ban ce uffan ba.

To yau zan ce. Kan Yaya lafiyarsa ƙalau har ranar da ya cika. Bai ruɗe ba, bai kwance kayan kowa ba. Hannun da ya ɓata kayan makarantar nan yana jikina. Ba na son a bar shi a bakin mutane a matsayin tsohon da hankali ya guje wa, shi ya sa na zaunar da ɗiyata ta rubuta.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Shi ne babba, ni ce auta, kuma Auta yake kirana har na yi jikoki. Shagonsa yana unguwar Yara, ɗan ƙarami, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Idan ka kawo masa rediyo ba ya buɗewa nan take. Sai ya ɗaga ta ya shinshina bayanta, kamar mai sayen daddawa. Ya ce abin da ya ƙone ba ya ɓoye warinsa. Batir kuwa da harshe yake gwada shi, ya ɗan yamutsa fuska ya ce, "Wannan da sauransa." Kusoshi ƙanana yana zuba su a gwangwanayen madara, kowace rediyo da gwangwaninta, kuma kaiconka in ka taɓa.

Akwai maganar da ba ya so a duniya. Ka shigo ka ce, "Baba, ta lalace." Sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Duk ɗinta?"

"To, ba ta magana."

"Ni ma in na yi shiru sai ka ce na lalace? Kada ka ce ta lalace. Ka ce a ina ta lalace."

Da mijina ya rasu, dangin miji suka fara 'yan maganganu a kan ɗakin da nake. Ban kai ƙara wurin kowa ba, ni ba mai kai ƙara ba ce. Rana ɗaya kawai na ga Yaya a tsakar gida da a-kori-kura. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Na zo ɗaukar ƙanwata, ɗakin uwarmu ya daɗe a rufe." Da kansa ya ɗauko turmina a ka. Tun ranar nake zaune a ɗakin da ke kallon nasa, bai taɓa tuna mini ba ko da wasa.

Sai duniya ta juya masa. Wayar hannu ta zo, kowa ya koma jin labarai a cikinta. Rediyon da ake kawowa daga waje ta zama in ta mutu a jefar a sayi wata. Ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya kan tafi shago da safe ya dawo la'asar, hannunsa ko baƙin dalma babu.

A nan ne malamar kimiyya ta wata ƙaramar sakandare ta zo gidanmu. 'Yar ƙabilar Eggon ce, Kirista, doguwa mai saurin magana. Tun tana yarinya take rako ubanta shagon Yaya da rediyonsu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce wasu mutane daga Abuja sun ba makarantarsu akwatuna shida na kayan koyarwa, zango guda suna kulle a sito.

"Baba, kowa tsoro yake ji. Ni kwamfutar na iya, zan iya gaya wa abin ya tafi ko ya tsaya. Amma in waya ɗaya ta fita, ban san inda zan mayar ba."

Yaya ya ce, "Mene ne a cikin akwatin?"

"Robot."

"Yana da batir?"

"Yana da shi."

"Yana da waya?"

"Da yawa."

"To ɗan'uwan rediyo ne. Zan zo mu gaisa."

Na gan su da idona, don a gidanmu suke kwana daga Juma'a zuwa Litinin. Makarantar ba wuta, ga ɓarayi, Yaya kuwa ɗansa ya kafa masa sola, sai Hedimasta ya yarda ya riƙa zuwa da su caji. Ni na zaci zan ga wani abu mai hannu da ƙafa. Ashe ɗan abu ne kamar kwanon sha a kife, da taya biyu, da ido biyu a gaba kamar na mujiya, da wani koren allo a bayansa wanda wayoyi sirara masu launi-launi suka cika, kowace an soka ta a raminta. A zana baƙin layi a ƙasa, sai ya bi layin. Ka sa ƙafa a gabansa, ya tsaya ya kewaye. Yara su ke haɗa su da hannunsu, malamar ta koya musu abin da za su rubuta a kwamfuta, Yaya kuma ya koya musu hanyar da wuta ke bi.

Mutumin nan ya dawo da rai. Ya sa aka wanke masa fararen riguna. Litinin da Alhamis tun bakwai yana ƙofa yana jiran mai Keke.

Amma wata biyu da farawa ya dawo fuska ba walwala. Ya ce, "Auta, yaran nan ba su koyon komai. Hoto suke bi a littafi, ja nan, baƙi can. In ya tashi su yi tafi. Ranar da bai tashi ba za su ce ya lalace, su ture shi."

Sai ya gaya mini yadda maigidansa ya koya masa sana'a. Ba ya ba shi rediyo mai lafiya. Sai ya faki idonsa ya cire wani abu ko ya juya wani abu, ya miƙa masa ya tafi masallaci. Shekara biyu Yaya yana zaton rediyoyin duniya ne ba su da ƙwari.

"Haka zan yi musu. Amma idona ba ya ganin ramukan nan. Ke za ki zama hannuna."

Na ce, "Ka gaya wa malamar mana."

"A'a. In ta sani, fuskarta za ta nuna. In yaro ya gane cewa wani ne ya ɓoye masa abu, zai daina kallon abin, ya koma kallon fuskar mutum."

Haka muka fara. Kowace Asabar da hantsi, in matarsa ta tafi kasuwa, sai mu baje su a tabarma. Ya ce, "Jar wayar nan, matsar da ita rami ɗaya." Na matsar. "Wancan, juya masa batir." Na juya. "Wannan, sa masa 'yar takarda tsakanin batir da ƙarfe." Abu ɗaya a kowane robot, ba ya yarda a yi biyu. Yana da wata mita mai baki biyu, in ka taɓa waya da su kuma wayar lafiya take, sai ta yi ƙara, ƙiii. In ta tsinke sai ta yi shiru. Da ita yake aiki tun da ido ya ƙi. Ya ce in zo ya koya mini. Na ce ni da idona biyu garau ba na bukatar ƙarfe ya yi mini kuka.

Ku san wace ce ni. A Angwan Iya in ƙaya ta karye a ƙafar yaro, ko ƙashin kifi ya shige a yatsa, ba a zuwa kemis, wurina ake zuwa. Da allura nake cirewa, yaro bai gama buɗe baki zai yi kuka ba na nuna masa ita a tafin hannu. Har yau ina zura zare ba tabarau. Kuma duk unguwar nan an sani, ban taɓa ba mutum haƙuri a kan abin da nake ganin ina da gaskiya ba. Ban faɗi wannan don yabon kai ba. Na faɗa ne don ku gane abin da ya biyo baya.

Dabarar Yaya ta ci. Yaran suka zama kamar ƙananan makanikai. Akwai wata yarinya, 'yar mai gyaran takalmi, da yake yawan ba ni labarinta. Ya ce in robot ya ƙi tashi ba ta taɓa shi, sai ta zagaya shi tukuna tana kallo, hannu a baya. Shekara ta zagayo, abin da da yake cin su rabin darasi ya zama kafin a zauna sun gano.

Sai ya fara tsokanata.

"Auta, yau ko gaisawa da malamar ban gama ba suka gano naki."

"Ai abin da ka ce na yi."

"Na ce ki ɓoye, ban ce ki ajiye musu a faranti ba. Anya hannun nan bai tsufa ba?"

"Hannun da ya cire maka ƙaya a dunduniya kana ihu kamar akuya?"

Ya yi dariya har da tari. Wasa yake yi. Ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji.

Asabar ɗin da ta biyo, baƙo ya yi sallama da shi a waje kafin mu fara. Na ɗauko allurata mafi siriri. Na zaɓi waya biyu a jikin kowane robot. Na huda robar da ta rufe wayar, na shiga ciki, na tsinke 'yan gashin ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya, sannan na murje wurin da farce har ramin ya ɓace. Robot shida, waya goma sha biyu. In ka kalli wayar sai ka rantse sabuwa ce. Na ce a raina, bari mu ga 'yar mai takalmi ranar Litinin. Da ya shigo na ce masa kaina na ciwo, a bar aikin sai gobe.

Lahadi da safe sai ga Hedimasta da kansa a kan babur. Ya ce mutanen da suka ba da akwatunan za su zo gobe da ƙarfe tara, tare da manya daga ofishin ilimi, su ga abin da yara suka koya. In sun gamsu za su ƙaro wasu. Ya nuna ni ya ce, "Baba, ka taho da Mama ma ta ga jikokinta."

Da ya tafi Yaya ya ce, "Auta, wannan makon kada ki taɓa komai. Ranar Juma'a na gwada su duka, lafiyarsu lau." Yana da ɗaurin aure a Garaku ranar, ya ce in sun cika in cire su daga caji in shirya su a akwati.

Na ce to.

Yana fita na baje su. Na bi wayoyin nan da ido da yatsa tun hantsi har la'asar. Aikina ya fi ƙarfina. Uku kawai na gano, kowace a jikin robot dabam, na sauya su da wasu daga 'yar jakar da ke cikin akwatin. Sauran tara suka ɓace mini. Mitarsa tana rataye a ƙusa tana kallona, ban san ta inda ake kama ta ba.

Ya dawo gab da magariba a gajiye. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "An shirya? Komai lafiya?"

Da na buɗe baki a lokacin, da mitar nan ya gama aikin kafin a kira isha'i. Na sani yanzu, na kuma sani a lokacin. Amma sai in ce masa na yi abu a bayan idonsa, na kuma kasa warwarewa. Na ce a raina yaran nan masu wayo ne, za su gano.

Na ce, "Lafiya lau."

Na ci ado na bi shi. Aka ba ni kujera a bayan aji. An share ƙasa, an zana baƙin layi mai lanƙwasa, yara sun sha guga. Baƙi suka zauna a gaba, wata mata a cikinsu ta ɗaga waya tana ɗauka. Malamar ta yi jawabi da Turanci, ta nuna Yaya, aka tafa masa. Ya miƙe ya ɗan rusuna, farar rigarsa tana ɗaukar ido.

Aka kunna na farko, bai motsa ba. Na biyu ya kunna 'yar fitilarsa ya tsaya. Na uku taya ɗaya ce ke aiki, sai ya kama juyawa a wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka. Wani cikin baƙin ya yi dariya, ya rufe baki.

Yaran ba su ruɗe ba da farko, ai sun saba. Suka duba batir, suka duba ramuka, suka gwada da hoton littafi. Komai yana inda ya kamata. A nan ne suka fara kallon juna. Yaya ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa yana lalube da yatsu, yana kai fuskarsa har tana taɓa allon. Bai zo da mita ba, don me zai zo da ita? Ya ciro wannan waya ya shafa, ya mayar, ya ciro waccan. A idon wanda bai sani ba, tsoho ne makaho yana yamutsa kayan mutane.

'Yar mai takalmi ta ɗaga hannu ta ce, "Sa, a ba ni minti goma in je gidan Baba in ɗauko mita. Ina jin a cikin waya ne."

Hedimasta ya daka mata tsawa ta zauna. Ya juya wurin baƙin yana murmushin dole, ya yi magana da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa, ina jin don Yaya ya ji. "Ku yi haƙuri. Baba ya tsufa, kuma a gidansa kayan suke kwana. Kuskurenmu ne."

Ina zaune. Tsakanina da Hedimasta bai fi taku goma ba. Ni da ake jin muryata daga wannan lungu zuwa wancan in ina ba da labari. Na kama bakin mayafina na riƙe.

Baƙin ba su yi rabin awa ba. Aka mayar da akwatunan sito, aka sa kwaɗo. Hedimasta ya ce wa Yaya ya huta a gida, za a neme shi. Yarinyar nan tana kuka a bakin taga. A Keke muka dawo gida.

Washegari da hantsi ina tsintar shinkafa, na ji ƙarar mitarsa daga ɗaki, ƙiii, sai shiru. Ƙiii, sai shiru. Can ya fito ya zauna a bakin tabarmata. Ya ajiye 'yar shuɗiyar waya a gefen faifaina. Ashe ta maƙale a hannunsa lokacin da aka ce ya tashi.

Ya ce, "Yatsana ya ji ramin tun jiya, ban yarda ba sai da mita ta faɗa. Wannan aikin allura ne. A garin nan mutum ɗaya na sani da zai iya."

Maimakon in sunkuyar da kai, sai na tashi da faɗa. Na ce ai shi ya jawo, shi ya ce hannuna ya tsufa. Na ce wa ya ƙirƙiro ɓata kayan mutane tun farko? Na ce da ya gaya wa malamar tun ranar da na ce, da duk haka ba ta faru ba. Ya bar ni na gama.

"Wannan na ƙarshen gaskiyarki ne," in ji shi. "Amma na tambaye ki ranar Lahadi."

Na ce, "To tashi ka je ka gaya musu. Ka ce ƙanwarka ce."

"In je in tsaya gaban yaron da na haifi kamarsa, in ce ba ni ba ne, autarmu ce? Ni na ɗauko ki a gidan nan, Auta. Ba zan kai sunanki ofis ba. In kin ga za ki je, kin san hanya."

Ya ɗauki 'yar shuɗiyar wayar ya koma ɗaki. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Yana gaishe ni kullum, in ya sayo rake ya ba ni rabi.

Na yi niyyar zuwa. Na ce bari ƙurar ta lafa. Na ce bari a dawo hutu. Sau biyu ina kaiwa har bakin ƙofar makarantar in wuce kamar kasuwa za ni. Ana nan maganar ta bazu, daga makaranta zuwa Yara, daga Yara zuwa cikin gidanmu. Matarsa ta tsorata. Ta ɓoye ƙarfen da yake narka dalma da shi, wai kada ya ƙona gida. Ta sa ɗansu ya rufe shagon. In ya ce zai fita sai ta ce a raka shi. Wata rana na ji ya ce mata, "Ni fa lafiyata ƙalau." Ta ce, "Na sani, Malam, kwanta ka huta," da irin muryar da ake lallashin yaro. Ina tsakar gida ina jin su. Ya ɗago ya kalli wajen da nake, ko yana ganina ko ba ya gani, Allah ne masani. Shekara biyu muka yi a haka.

Bayan sadakar bakwai na karɓi mitar a hannun ɗansa, na tafi makarantar ni kaɗai. An sauya Hedimasta, wata mata ce yanzu. Malamar kimiyya tana nan. Na ce mata ta zauna, na faɗa mata duka, tun daga Asabar ta farko.

Da na gama ta ce, "Mama, ƙananan na gane su tun tuni. Na yi shiru ne don na ga yara suna koyo, ni ma ina koyo. Amma ranar da Hedimasta ya tambaye ni ko Baba ya fara ruɗewa, na ce masa wataƙila. Ni ma ina da nawa."

Ta karɓo makulli. Batiran sun kumbura, ɓera ya ci littafin. Ta zauna a ƙasa da mitar tana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye a kanta. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba a lokacin da ta ɗauka. Ta jera su a kan benci.

"Takwas, Mama."

Na ce ta tara tana gida, a aljihun rigarsa.

Na roƙi sabuwar shugabar ta bar ni in tsaya gaban yara da safe in faɗa da bakina. Ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo mini ruwa. Ta ce, "Mama, ba hana ki nake ba. Amma yaran da suka san Baba duk sun gama sun tafi. Waɗannan ko akwatunan ba su taɓa gani ba." Malamar ta ce za ta nemi sababbin batir ta gwada buɗe ajin, amma ba ta yi mini alkawari ba, ni ma ban nema ba.

Don haka ga shi a rubuce. Duk wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya gafarta wa Yaya, Ya haskaka masa fiye da yadda idonsa ya rasa a nan.

Cikin waɗanda suka ga ranar nan, tsohon Hedimasta yana raye, an ce ya yi ritaya yana noma a wajen Kokona. A kai masa. Malamar tana raye. 'Yar mai takalmi tana raye, tana wurin 'yar'uwar uwarta a Masaka tana koyon ɗinki, a gaya mata ita ce ta yi daidai, a cikin waya ne. Mai Keken da ya dawo da mu yana nan yana aikinsa.

Matar Yaya tana raye, tana takaba. Ita ban bar wa takarda ba. Na shiga ɗakinta ranar Laraba na gaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tambaye ni abu ɗaya, ko ina tsakar gida ranar da ta ɓoye masa ƙarfensa. Na ce ina nan. Ta ce in ja mata ƙofa in na fita. Yau kwana tara ke nan, kowace safiya ina tsayawa a bakin ƙofarta in gaishe ta, ba ta amsa ba tukuna.

Sai ni.